Lambar Kamfani a Aljihun Ma'aikaci: Gyaran Ba a Sayen Na'ura Yake Ba

Duk wanda ya bi titin Maiduguri ta Daurawa, ko ya shiga Court Road a Gyadi-Gyadi, ya ɗaga kai ya karanta allunan da ke saman shaguna da ofisoshi, zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Makarantar kuɗi ce, ɗakin gwajin jini ne, dillalan filaye ne, kantin magani ne, a ƙasan sunan kowanne akwai lambobin waya biyu ko uku, wani ma har huɗu. Wata an shafe ta da fenti an rubuta sabuwa a kanta. Da wuya a samu ɗaya daga cikinsu da za a ce ta kamfanin ce. Ta farko ta oga ce, ta biyu ta manaja, ta uku kuma ta yarinyar da ke zama a teburin karɓar baƙi, wadda wataƙila ta yi aure ta tare a Hotoro tun bara, amma har yau ita masu neman sakamakon gwaji suke kira da asuba.

Wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce, ko da yake an saba da ita har ba a ganin ta. Kamfanin da kwastomominsa suka san shi ta lambar wani ma'aikaci, a hannun ma'aikacin nan kasuwarsa take. Ranar da ya ajiye aiki, ya tafi da layin, da sunayen da ke ciki, da hirarrakin WhatsApp na shekara uku, da hotunan rasit, da alƙawuran da aka yi wa mutane. In an rabu lafiya, ya riƙa tura masu kira zuwa sabuwar lamba na wata ɗaya ko biyu kafin ya gaji. In an rabu dutse a hannun riga, to sabon wurin aikinsa ya samu kwastomomi a ɓagas.

Ma'aikacin ma ba riba ya ci ba. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN a watan Disambar 2020, layi ya zama kamar sa hannun mutum. Duk abin da aka yi da shi, mai NIN ɗin za a fara nema. Saurayin da ya ba da layinsa aka buga a allon kamfani, ya amince ke nan a kira shi ƙarfe sha ɗaya na dare a kan kayan da ba shi ya sayar ba, kuma in rigimar kuɗi ta tashi, sunansa ne a takarda. Ga kuma wani haɗarin: layin da aka jefa a durowa aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin sadarwa na iya karɓe lambar ya sayar wa wani. Lambar na nan a allo, na nan a tsoffin takardun talla, amma wanda ke ɗagawa baƙo ne.

Da ba haka ake ba

Manya za su tuna zamanin NITEL, lokacin da lambar Kano ke farawa da 064. Samun layi a wancan lokaci wahala ne, sai an yi rajista an jira, wani ya shekara yana jira. Amma ma'aikatar da ta samu, layin nata ne. Akwai mai zama a gaban akwatin rarraba kira, ana bugowa ya ɗauka, ya tambayi wanda ake nema, ya tura kiran ofishinsa. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, wayar na nan a kan teburin, wanda ya gaje shi ya ci gaba da amsawa.

Da wayar salula ta shigo a watan Agustan 2001, ta warware matsalar jira, ta kuma rushe wancan tsarin ba tare da an kawo madadinsa ba. Kowa ya koma aljihunsa. Sai dai lambobin waya na girke ba su mutu ba, sun canza hanya ne kawai, yanzu ta intanet suke bi. Daga farkon 2024 NCC ta ƙara musu 02 a gaba, ta Kano ta koma 02064, ta Legas 0201, ta Abuja 0209. Akwai kuma lambobin da ke farawa da 0700 da 0800 waɗanda bankuna da manyan kamfanoni ke amfani da su. Irin waɗannan lambobi da sunan kamfani ake karɓar su, kuma lamba ɗaya na iya ɗaukar kira da yawa a lokaci guda. Layin salula ba ya yin haka. Mutum ɗaya na magana, saura sai su ji ana kan waya.

Abin da tsarin yake yi

Manyan kamfanoni suna da wani tsari da ke tattara kiran murya, da saƙon rubutu, da taron bidiyo, da saƙon murya da aka bari, duk a wuri ɗaya ƙarƙashin kulawar kamfani. Zuciyarsa wata manhaja ce da ake kira PBX, wato jikanyar wancan akwatin rarraba kira na zamanin NITEL. Ana iya ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta a cikin ofis, ko a yi hayarta a sabar wani kamfani. Daga waje tana haɗe da kamfanin sadarwa ta wata hanya da ake kira SIP, ta nan kira ke shiga ya fita. Daga ciki kuma kowane ma'aikaci na da gajeriyar lamba, kamar 101 ko 205, wadda ke ƙara a wayar teburi, ko a kwamfuta, ko a wata manhaja cikin wayarsa ta hannu. Kwastoma lambar kamfani kaɗai yake gani. Ma'aikaci ya tashi aiki ya rufe manhajar, ya koma mutum mai zaman kansa.

Wuri mai girma irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya shi ne misalin da kowa zai fahimta, domin ba wanda zai yi tunanin a ce sashen gaggawa na babban asibiti ya dogara da layin wani likita shi kaɗai. Amma buƙatar iri ɗaya ce a makarantar da ke da rassa biyu, ko mai sayar da kayan gini da ke da shago a Tarauni da sito a wani wuri. Girman ne ya bambanta.

Manhajojin suna da yawa. Akwai Asterisk, wadda wani ɗan Amurka mai suna Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, kyauta ce, kuma a kanta aka gina FreePBX da ta fi sauƙin sarrafawa. Akwai 3CX. Akwai akwatunan Yeastar da Grandstream da ake saye a haɗe. Akwai Microsoft Teams da Zoom da Webex na Cisco, waɗanda ake biya duk wata a kan kowane mutum. A nan ne yawancin masu kamfani ke fara tambaya, kuma a nan suke ɓata. "Wanne ya fi kyau?" ita ce tambaya ta ƙarshe da ya kamata a yi, ba ta farko ba. Dalili kuwa, manhaja tana zuwa tana wucewa. Microsoft ya rufe Skype for Business na intanet a ƙarshen Yulin 2021, ya rufe Skype kanta a watan Mayun 2025. Kamfanonin da suka sha wuya a wannan sauyi su ne waɗanda ba su da rubutaccen bayanin yadda kiransu ke tafiya. Waɗanda ke da shi sun kwashe kayansu sun koma wani gida.

Aikin takarda kafin aikin waya

A ɗauka wani ɗakin gwaji ne a Gyadi-Gyadi mai ma'aikata ashirin. Kafin a sayi ko da igiya ɗaya, sai an zauna da biro da takarda an amsa tambayoyin da ba su da daɗin amsawa. In an bugo, wa zai fara ɗauka? In bai ɗauka ba bayan ƙara huɗu, ina kiran zai tafi? Mutum nawa ne ke kan waya a lokaci guda a sa'ar da ta fi cunkoso? Wannan lissafin shi ke nuna yawan hanyoyin kira da za a biya, kuma kusan kullum bai kai yawan ma'aikata ba. Mutum ashirin ba sa magana gaba ɗaya. Wanda bai ƙirga ba, ko dai ya biya kuɗin abin da ba ya amfani da shi, ko kuma kwastomomi su riƙa samun layi a cike da safiyar Litinin.

Sai maganar lokaci, wadda manhajojin waje ba su san ta ba sai an koya musu. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe ɗaya ofis kan zama fayau. Da azumi ana tashi da wuri. Hutun Sallah kuma ba ya faɗowa rana ɗaya duk shekara, dole wani ya riƙa shiga yana gyarawa. Tsarin da aka bari da jadawalin Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe tara zuwa biyar, zai yi ta ƙara a ofishin da babu kowa.

Muryar da ke tarbar mai kira ma abin dubawa ce, kuma a nan ake yawan yin abin kunya. Kamfani a tsakiyar Kano, kwastomominsa Hausawa, amma a sa muryar wata Baturiya tana jero zaɓi bakwai da Turanci. Dattijon da ya bugo daga Unguwa Uku ba zai kai zaɓi na uku ba zai kashe, kuma katinsa ne ke ƙonewa yana saurare, ga shi tun Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Gaisuwa da Hausa, gajeriya, zaɓi biyu ko uku, da hanyar samun mutum mai rai nan take, ta fi duk wani ado. Ɗaukar ta ba ya buƙatar situdiyo. Waya mai kyau da ɗaki marar hayaniya sun isa.

Intanet da wuta

Mutane da yawa na zaton kiran murya na buƙatar intanet mai gudun gaske. Ba haka ba ne. Kira ɗaya, ko da a tsarin da ba a matse muryar ba, bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba ta kowane ɓangare. Kira goma a lokaci guda wajen megabit ɗaya ke nan. Abin da murya ke so shi ne daidaito. Ƙa'idar ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce kada jinkirin isar murya daga baki zuwa kunne ya wuce kusan milidaƙiƙa 150, in ya wuce sai a fara katse juna ana "ina ji, ina ji". Bidiyo in intanet ya yi tangarɗa yana da ajiyar da zai ci gaba da nunawa. Murya ba ta da ajiya, abin da ya ɓata ya ɓata. Shi ya sa ofishin da ke da intanet mai ƙarfi kan iya fama da kira mai yankewa, don kawai wani a bayan kanta yana sauke fim. Maganin ba ƙarin data ba ne. A saita na'urar rarraba intanet ta riƙa ba murya gaba, kuma wayoyin teburi su bi igiya, kada a bar su a wayifai.

Sannan a tambayi kai: in intanet ya ɗauke gaba ɗaya fa? Ba hasashe ba ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet da dama da ke ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka kwana biyu suna jan ƙafa. A gida kuma, faiba na yankewa duk lokacin da ake aikin titi ko magudanar ruwa. Tsarin da aka tsara da hankali yana da hanya ta biyu daga wani kamfanin daban, kuma an riga an gaya wa kamfanin da ya ba da lambar cewa in ofis bai amsa ba, ya karkata kiran zuwa wasu wayoyin hannu. Wannan saitin minti kaɗan yake ɗauka, amma sai an yi shi tun ana lafiya. A nan wanda ya ɗora manhajarsa a cikin ofis yana da wata riba: ko intanet ya tafi, ma'aikata na iya kiran juna ta lambobin ciki. Wanda komai nasa ke sabar ƙasar waje, shiru zai ji.

Wuta ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya zauna Kano a watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta fi mako guda cikin duhu. Abin daɗin shi ne kayan nan ba su da ci. Ƙaramar saba da na'urar intanet da wayoyin teburi goma ba su kai rabin abin da dutsen guga ɗaya ke ja ba. A ware musu inbata da batirinsu, kada a haɗa su da firji da fanka. Daƙiƙun da ake ɗauka kafin a tayar da janareta sun isa su yanke duk kiran da ake yi, kuma na'urorin kan ɗauki mintuna kafin su dawo hayyacinsu.

Bayan mai haɗawa ya tafi

Mafi yawan irin waɗannan tsare-tsare ba ranar haɗawa suke lalacewa ba, sai bayan wata shida. An kira wani gwani ya zo ya haɗa, an biya shi, ya tafi da kalmar sirri a kansa. Ma'aikata uku sun bar aiki, lambobinsu na ciki na nan a buɗe, manhajar na nan a wayoyinsu, suna iya kira da sunan kamfani da kuɗin kamfani. Ba wanda aka ɗora wa alhakin rufewa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan idan daga baya aka ce na'urar ce ba ta da kyau.

Ɓarayi kuma ba sa barci. Akwai manhajojin da ke kewaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 5060, wadda ita ce ƙofar SIP, suna gwada kalmomin sirri masu sauƙi. Lambar ciki 101 mai kalmar sirri 101, ko 1234, ba ta daɗewa. In suka shiga, sai su jira daren Asabar su yi ta buga lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda suke da kaso a cikinsu, Litinin mai kamfani ya tarar da bashi. Kariyar ba ta da wuya: kalmomin sirri masu tsawo, rufe kiran waje ga duk wanda aikinsa bai buƙata ba, sa iyaka ga abin da za a iya kashewa a rana, da sabunta manhaja a kan kari. Sai dai kowanne a cikinsu aiki ne da ke son mai yi, mai suna, wanda za a tambaya.

Haka batun ajiyar saituna. Gobarar da ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre ranar Babbar Sallah a watan Yunin 2025 ta isa tunatarwa cewa akwati na iya ƙonewa. In kwafin saitin yana wani wuri daban, cikin yini ɗaya za a tayar da sabo. In babu, an koma farko.

Akwai kuma abin da ya shafi mutunci da doka. Waɗannan manhajoji na iya naɗar kowane kira, kuma masu gida da yawa na son haka. Naɗin na da amfani wajen warware gardamar "ni ban ce haka ba". Amma muryar mai kira da bayanin rashin lafiyarsa ko bashinsa ba kayan kamfani ba ne da za a bari kowa ya saurara. Tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. A sanar da mai kira cewa ana naɗa, a taƙaita masu iya saurare, a sa ranar gogewa. Ma'aikata ma a gaya musu. Ogan da ya mai da tsarin abin laɓe zai ga kowa ya koma layinsa na kansa a ɓoye, shi ke nan an dawo gidan jiya. Wanda kuma aka zo masa da tayin akwati mai cin layukan salula da yawa don a riƙa shigo da kiran ƙasashen waje kamar na cikin gida, ya yi nesa da shi, laifi ne da NCC ta daɗe tana farautar masu yi.

To WhatsApp fa?

Mai shagon da ke karanta wannan zai ce WhatsApp na yi masa komai kyauta, kuma kwastomomi can suke. Gaskiyarsa. Shago mai mutum biyu ko uku ba ya buƙatar PBX. Abin da yake buƙata layi ne guda da aka ware wa sana'a, da WhatsApp Business a kansa, da waya da ke kwana a hannun mai shagon. Rukunin ma'aikata da ke yawan kiran juna kuma tsarin CUG na kamfanonin layi na iya isar su. Lasisin da ake biya da dala a kan kowane mutum duk wata, bayan faɗuwar da naira ta yi tun tsakiyar 2023, ba abin da za a shiga da ka ba ne. Wanda ya fi son Teams ma ya sani cewa sai ya nemi kamfanin cikin gida da zai haɗa masa lambar Najeriya, wannan wani kuɗin ne daban.

Inda WhatsApp ke gazawa shi ne inda mutane suka yi yawa. Ba ya jera masu kira a layi, ba ya tura kira daga akanta zuwa sito, ba ya nuna kira nawa aka rasa jiya da rana. Kuma ba a hannun mai kamfani yake ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, shi da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan sa'o'i shida a duniya baki ɗaya, kuma asusun da aka rufe bisa zargin tura saƙonni barkatai ba shi da ofishi a Zoo Road da za a je a yi ƙorafi.

Ga matasan da ke gyaran waya da saka manhaja a Farm Centre, wannan fage ne da bai cika ba. Masu gyaran sikirin sun yi yawa, masu iya zama da shugaban makaranta su zana masa yadda kiransa zai riƙa tafiya ba su da yawa. Koyon ba ya buƙatar jari mai nauyi. Tsohuwar laftof, a ɗora mata FreePBX, a saka Zoiper ko Linphone a wayoyi biyu da ke kan wayifai ɗaya, a ba ɗaya 101, ɗaya 102, a kira. Daga nan a gwada gaisuwa da Hausa, a gwada jadawalin Juma'a, a zare igiyar intanet da gangan a ga abin da zai faru. Wanda zai karɓi aikin kuma ya sa kuɗin kulawa na wata-wata a cikin yarjejeniya tun farko, ya miƙa wa mai kamfani takarda mai ɗauke da jerin lambobi, da kalmomin sirri a rufaffen ambulan, da sunan wanda zai rufe lambar ma'aikaci a ranar da ya ajiye aiki.